Kuɗin Tsaron Tashoshin Mota

Mutanen Jos ba su manta da ran 20 ga watan Mayu na 2014 ba, sa'ad da bama-bamai biyu suka tashi a Taminus, suka hallaka mutum fiye da 100. Cikin watan Fabrairu na 2015 kuma aka kai hari tashar mota ta hanyar Bauci.

To, tasha matattarar talakawa ce, nauyin tsaronta kuwa ya fi ƙarfin direbobi da 'yan kamasho. Bayan harin 2001, Gwamnatin Amurka ta buɗe asusu musamman don tsaron jirage da motocin haya. Ya kamata Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Filato su yi irin wannan tanadi, a sayi na'urorin binciken kaya da kyamarori, a katange tashoshi, kana a bayyana wa jama'a kowane kwabo da aka kashe.

Amma saye ba shi ne ƙarshe ba. Masu sayar da kayan gyaran mota a Dilimi sun sani, injin da ba a tanadar masa kuɗin gyara ba, ƙarshensa bola. Lalle a ware kuɗin gyara da na horar da ma'aikata tun yanzu, gama ba a fafe gora ranar tafiya.