Ruwan Tiga A Bunkure, Wutarsa A Birni

Tun 1974 aka gama madatsar Tiga, ruwanta ke bin kanal yana shayar da shinkafa da tumatir a Bunkure, Kura da Garun Malam. A 2013 gwamnatin Kwankwaso ta fara aikin samar da lantarki megawat 10 daga wannan ruwa. Wa aka tsara wa wutar? Matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birnin Kano! Talakan da ke yashe kanal da hannunsa kuwa, sai ya sayi man gas kafin injin casa ya tashi.

Dokar lantarki ta 2023 ta sakar wa jihohi mara. To me ya hana mahukunta kafa ƙananan injina a kan kanal, su damƙa su ga ƙungiyoyin manoman da ke kula da ruwan? Matasan Bunkure su je sakatariyar ƙaramar hukuma su nemi amsa.