Ciwon Ɓarin Kai: Haƙuri Kaɗai Ba Ya Magani

Uwargida, idan kina cikin matan da duk wata, ana gobe ko jibi al'ada za ta zo, ɓarin kanki ɗaya yake fara sara kamar ana daka a ciki, ga tashin zuciya, ga ƙin haske da hayaniya, to wannan shafi naki ne. Maigida da uwar miji, ku ma ku saurara, domin sau da yawa a hannunku izinin zuwa asibiti da kuɗin mota suke.

A gidajenmu, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, an saba ce wa mai wannan ciwo ta ɗaure kai da ɗankwali ta yi haƙuri. Wasu su ce son jiki ne, wasu su ce iska ce. Ra'ayinmu shi ne wannan sakaci ya isa haka. Ciwo ne da likitoci suka sani, yana da dalili, yana da magani. Macen da ta san ciwonta tun kafin ta sami ciki ita ce za ta gane ranar da wani baƙon ciwon kai mai haɗari ya zo mata.

Me ke kawo shi?

A jikin mace akwai wani sinadari mai suna istirojin. Yana hawa yana sauka cikin wata, kuma dab da zuwan al'ada yakan faɗi ƙasa sosai. Wannan faɗuwar ce ke tayar da ciwon ga wadda jikinta ke da shi. Shi ya sa yake zuwa daga kwana 2 kafin jini zuwa kwana na 3 da fara shi. Yakan ɗauki awa 4 zuwa kwana 3 idan ba a yi magani ba, kuma na lokacin al'ada ya fi na sauran ranaku tsanani da daɗewa. Mata sun ninka maza kusan sau 3 wajen fama da ciwon ɓarin kai, kuma yakan bi jini a cikin dangi.

Akwai abubuwan da ke ƙara tunzura shi: yunwa, ƙishirwa, rashin barci, zafin rana irin na bazara, hayaƙin murhu, da ƙamshi mai ƙarfi kamar na turaren wuta da humra. Wadda ta saba da goro ko shayi mai kauri, ranar da ta rasa kanta yakan yi ciwo.

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Ki sami kalanda, ki riƙa sa alama a ranar da ciwon ya zo da ranar da jini ya zo, har wata 3. Wadda ba ta rubutu, ɗiyarta ko maigida su taimaka mata. Da wannan takarda likita zai gane ko ciwon na bin al'ada ne. Idan ba ki da ciki, yana iya ba ki maganin da za ki fara sha kwana 2 kafin ranar da kike sa ran ciwon, ki tare shi tun bai iso ba.

Idan ciki ya shiga

Albishirinki. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi bayan wata 3 na farko, saboda sinadarin yana hawa ya tsaya, ba ya faɗuwa. Amma ƙwayar da kika saba sha kafin ciki, ba lalle ta dace da ke yanzu ba. Duk maganin da ke da ergotamine a ciki, kamar Cafergot, haramun ne ga mai ciki, domin yana matse hanyoyin jini da mahaifa. Ibuprofen da diclofenac a guje su, musamman daga mako na 20, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Wadda aka ɗora a kan sodium valproate ta ga likita tun tana shirin ɗaukar ciki, don yana jawo tawaya ga ɗan tayi. Farasitamol shi ne na farko da ake ba mai ciki, shi ma bisa ƙa'ida. Shan sa kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da wani ciwon kan na daban.

Saboda haka muke roƙon maigida: idan ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kada ka sayo wa iyalinka haɗin ƙwayoyi a leda daga mai talla. Ba ka san abin da ke ciki ba, shi ma mai sayarwar bai san watannin cikinta ba. Abin da za ka yi mata ya fi wannan sauƙi. A bar ta ta kwanta a ɗaki mai duhu, a kawar da yara, a sa mata tsumma mai sanyi a goshi, a ba ta ruwa da abinci a kan lokaci, wata ta karɓar mata girki. Idan azumi na tayar mata da ciwon, addini ya yi wa mai ciki rangwame, sai a tambayi malamai.

Ciwon kan da ba a kwana da shi

Nan ne rai yake. Mai ciki da ta saba da ciwon ɓarin kai takan ce, "Ai nawa ne na kullum," alhali hawan jini ne na masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Yakan bayyana bayan mako na 20, kuma yana iya zuwa har cikin makonni 6 bayan haihuwa. Ki nufi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai mai tsanani da farasitamol bai taɓa shi ba, ko wanda bai yi kama da wanda kika sani ba, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyin baki ko mutuwar ɓarin jiki. Idan da zazzaɓi, a gwada jini don zazzaɓin cizon sauro. Idan wuya ya sanƙare, a tuna da sanƙarau, wanda ya ɓarke a Jigawa a 2023, kuma lokacinsa shi ne rani da bazara.

Ba a gane hawan jini da ido. Awo ne ke nunawa, kuma idan ya kai 140 bisa 90 akwai magana. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8. Mun san akwai nisa, akwai yashi, akwai tsadar mota daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa zuwa Babban Asibitin Gumel. Amma auna jini ana yin sa a ƙaramin asibitin mazaɓa cikin minti kaɗan, kuma kuɗin zuwa awo bai kai kuɗin ɗaukar mace tana jijjiga ba. Tun ciki na wata 6 a ware kuɗin mota, a san direban da za a tasa da dare.

Bayan an sauka

Ciwon yakan dawo cikin makonnin farko na jego, domin sinadarin ya sake faɗuwa, ga kuma rashin barci. Shayar da nono na iya jinkirta dawowarsa ga wasu. Mai jegon da ta yi hawan jini ta bar kunun kanwa, gishirin da ke cikinsa yana ƙara hawan.

Idan kin zo tazarar haihuwa, ki gaya wa ma'aikaciya kina da ciwon ɓarin kai. Idan kafin ya fara kina ganin walƙiya ko zane-zane a ido, ko hannu ya yi miki sanyi kamar ba naki ba, ƙwayar da ke da istirojin ba taki ba ce, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai allura, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa, sai a zaɓa miki wadda ta dace.

Ranar awo mai zuwa, ki taho da kalandarki da duk ƙwayoyin da kike sha, har da na gargajiya, ki nuna wa ungozoma. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a haifa.