Filin Lafiyar Iyali: Ba Kowane Taɓin Hankali Ne Aikin Kishiya Ba

Yau kan taɓin hankali zan yi magana, musamman wanda yakan faɗa wa budurwa ko amarya rana tsaka.

A wajenmu, Kuki ne ko Kurfi ko Dutsin-Ma, da zarar yarinya ta fara surutai, tana jin muryoyin da babu mai jin su, tana zargin kowa, an gama shari'a: ko iska, ko sammu. In tana da kishiya, to ta shiga uku. Sai a yi ta hayaƙi, wata har a sa mata mari, miji ya gaji ya miƙa takarda. Haba jama'a!

Likitoci na kiran babbar cutar nan sikizofireniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mutum 1 cikin 300. Amma akwai wata mai kama da ita. Jikinmu yana da garkuwa, wato sojojin da ke cikin jini suna yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani lokaci sai su ruɗe su juya kan mai gida. A 2007 wani likita, Josep Dalmau, da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cutar da waɗannan sojoji ke afka wa wasu ƙananan ƙofofin saƙo na ƙwaƙwalwa, masu suna NMDA. Ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya zama kamar mahaukaci tuburan. Abin da ya fi taɓa ni, mata matasa ta fi kamawa, kuma a wasunsu wani ƙari ne a ma'ajiyar ƙwan haihuwa ke tayar da rigimar. In aka cire ƙarin, aka ba da maganin lafar da garkuwa, kusan 8 cikin 10 sukan samu sauƙi sosai. Wata 'yar jaridar Amurka, Susannah Cahalan, ta kamu a 2009, saura ƙiris a ajiye ta cikin masu taɓin hankali. Ta warke, har ta rubuta littafi a 2012.

Kada dai a yi mini gurguwar fahimta. Mafi yawan masu sikizofireniya ba wannan ce ke damunsu ba, kuma maganin asibitin ƙwaƙwalwa shi ne gatansu, kada a yanke shi. Ita wannan tana da alamunta. Takan zo da gaggawa, cikin 'yan makonni, ga wadda lafiyarta ƙalau. Sau da yawa ciwon kai ko zazzaɓi ke fara yin sallama, sannan farfaɗiya, mantuwa, ɗaukewar magana, baki yana ta motsi kamar mai tauna goro alhali babu komai ciki.

In kin ga haka, 'yar uwa, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A fara da babban asibitin Dutsin-Ma, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. A tafi da wadda ta ga farkon abin, uwa ko yaya, don ta faɗa wa likita ranar da ya soma da yadda ya bi daki-daki. Idan ya ce zai ɗebi ruwan ƙashin baya ko a yi hoton mara, don Allah kada dangi su hana.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.