Zariya, Kano ko Bauchi: A Fara Tambayar Sashen Kafin Sunan Jami'ar

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, akan tafka muhawara iri ɗaya a gidajen da Allah ya ba yaro mai kai a lissafi. Uba a Zariya ya yi karatu, saboda haka a wurinsa babu injiniya sai wanda ya fito daga Samaru. Uwa ta fi son Jami'ar Bayero domin yaron ya riƙa kwana a gida. Kawu da ke aiki a Abuja yana ganin gara a sayar da fili a kai shi jami'a mai zaman kanta, ya gama a kan lokaci. Kowa sunan jami'a yake ambata. Da wuya a ji wanda ya tambayi halin da sashen da yaron zai shafe shekara biyar a cikinsa yake ciki, alhali a karatun injiniya wannan tambaya ta fi sauran nauyi.

Dalilin yana cikin yadda ake tantance karatun a Nijeriya. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kowane fanni take bi ta duba shi daban: malamansa, kayan aikinsa, ɗakin karatunsa, da yadda ake jarraba ɗalibansa. Sakamakon iri uku ne. Ko a ba fannin cikakkiyar amincewa, ko a ba shi ta wucin gadi tare da wa'adin gyara, ko a hana shi, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Karatun injiniya kuma yana da alƙali na biyu, wato majalisar COREN da aka kafa a 1970, wadda ita ma take aika tata tawagar. Ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma da wannan rajistar ne mutum ke samun ikon sa hannu da hatimi a kan zanen gada ko na bene. Wanda ya yi digiri a fannin da majalisar ba ta amince da shi ba zai iya samun aiki, amma ranar da ya nemi rajista zai gane an bar shi a baya. A jami'a guda, a tsangaya guda, sashen gine-gine da hanyoyi na iya zama da cikakkiyar amincewa yayin da maƙwabcinsa yake kan ta wucin gadi. Sunan da ke rubuce a ƙofar shiga jami'ar ba ya faɗin wannan.

Hatsarin ya fi yawa a sababbin fannoni. A 'yan shekarun nan jami'o'i na rige-rigen buɗe sassan da sunayensu ke jan hankalin matasa: injiniyancin kwamfuta, na man fetur, na sadarwa, na mutum-mutumi. Izinin fara koyar da fanni daban yake da tantancewa, domin tantancewa ta farko tana zuwa ne bayan ɗaliban farko sun yi nisa. Ke nan rukunin farko su ne zakarun gwajin dafi. Wani lokaci abin yakan yi kyau, musamman idan sabon sashen ya tsiro ne daga jikin tsohon sashe mai ƙarfi, kamar yadda injiniyancin kwamfuta kan fito daga na lantarki. Idan kuwa daga sama aka dasa shi, da malamai uku da allo, iyaye suna da haƙƙin su san caca suke yi da shekarun ɗansu.

Haka ma batun ƙetare. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo kwalin digiri daga Kwatano cikin makonni kaɗan. Masu laifi da marasa laifi duk abin ya shafa. Kafin nan, yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai gida da karatu a rataye. Masu tunanin yin aiki a waje da digirin gida kuma su lura: a 2023 aka karɓi COREN cikin yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na junansu a ƙarƙashinta, amma a matsayin mamba ta wucin gadi. Mataki ne mai kyau, sai dai matakin farko ne.

Idan takarda ta inganta, sai a koma ga abin da ke cikin ginin. Tun 2023 jami'o'in ƙasar ke aiki da sabuwar manhajar NUC, wadda hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari nata, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wato abin da za a rubuta a allo a Minna da Maiduguri da Wudil kusan ɗaya ne. Lissafin ƙarfin ginshiƙi ba ya canzawa saboda an ƙetare kogin Kaduna. Bambancin yana wurin da hannu ke taɓa abu.

A ɗauki misalin ɗalibin gine-gine. A littafi zai karanta cewa kankare yana ci gaba da yin ƙarfi bayan an zuba shi, kuma a kwana na 28 ake auna ƙarfin da ake dogara da shi. A sashen da ke raye, shi da kansa zai auna siminti da yashi da tsakuwa, ya kwaɓa, ya zuba a ma'auni, ya jiƙa dunƙulen a ruwa, ya kai shi injin matsa a kwana na 7 da na 28, ya tsaya ya ji ƙarar fashewarsa. Zai ƙara ruwa a wani kwaɓin ya ga yadda ƙarfin ya faɗi. Ranar da ya tsaya a bakin gini, ɗan kwangila ya ce a ƙara ruwa don aikin ya yi sauri, wannan ɗalibin ya san abin da yake ƙi da kuma dalilin ƙin sa. A sashen da injin ya lalace shekara da shekaru, ko babu wutar da za a tashe shi, malami zai ba da lambobi a takarda, ɗalibai tamanin su kwafe, su rubuta rahoton gwajin da ba su gani ba. Dukansu biyu za su fito da kwali iri ɗaya. Gidajen da ke rushewa a biranen ƙasar nan suna da dalilai da yawa, daga haɗama zuwa rashin sa ido, amma injiniyan da bai taɓa fasa dunƙulen kankare ba yana cikinsu.

Ita kanta tantancewar ba ta kama wannan ko da yaushe. An sha kokawa cewa wasu makarantu kan aro malamai da kayan aiki na makon da tawaga za ta zo, su mayar bayan ta tafi. Saboda haka shaidar da ta fi inganci tana bakin ɗaliban aji huɗu da aji biyar. Su ne suka san sau nawa aka kunna injin sassaƙa ƙarfe a zangon da ya wuce, mutum nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya, da kuma ko farfesan da sunansa ke jerin malamai yana shiga aji ko yana Abuja.

Sai kuma wata shida na koyon aiki a masana'anta, tsarin SIWES da asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973, wanda yawanci ke faɗowa a rabin aji huɗu. Ɗalibi na da 'yancin neman gurbi ko'ina, amma a aikace yakan ƙare inda malamansa da tsofaffin ɗaliban sashen suke da hanya. A nan taswira tana da abin cewa. Mai sha'awar samar da wutar lantarki yana da madatsun Shiroro da Zungeru kusa da Minna. Mai son injuna da sarrafa kaya yana da Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano, duk da cewa masana'antun ba su kai yadda suke a da ba. Akwai kamfanin siminti a Ashaka ta jihar Gombe da Kalambaina ta Sakkwato, akwai na sukari a Numan. Wanda ya yi wata shidan nan yana ɗaukar fayil a sakatariya ya yi asarar mafi tsadar ɓangaren digirinsa.

Uban da ke kafewa a kan Zariya yana da tasa hujjar. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta gaji koyar da injiniyanci daga kwalejin da ta gabace ta a garin, kuma ɗalibanta sun cika ma'aikatun ayyuka, kamfanin mai na ƙasa da kamfanonin wuta tsawon shekara sittin. Wannan zumunci yana buɗe ƙofa, kuma a ƙasar da ake samun aiki ta hanyar wanda aka sani, rainin wayo ne a ce ba ya da amfani. Tsohon sashe yana da wani abu kuma da kuɗi ba ya sayowa da wuri: ma'aikatan ɗakin gwaji da suka yi shekara ashirin suna gyara na'ura ɗaya. Amma jami'o'in fasaha da aka kafa a Bauchi a 1980, Yola a 1981 da Minna a 1983 su ma sun haura shekara arba'in, ta Wudil ta haura ashirin, kowace kuma tana da sassan da ta yi fice a kansu. Manyan kamfanoni sun koma ɗaukar aiki ta jarrabawa a kwamfuta, inda suna ke kai mutum bakin ƙofa kawai.

Kawu ma yana da gaskiyarsa. Yajin aikin ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, sannan wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digirin shekara biyar ya zama na bakwai ga mutane da yawa, a lokacin da wasu kamfanoni ke sanya iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata. Jami'a mai zaman kanta tana sayar da tabbacin lokaci, kuma abu ne mai daraja. Sai dai kayan ɗakin gwajin injiniya suna da tsada fiye da na yawancin fannoni, ginin da ke sheƙi kuma ba ya nuna abin da ke cikinsa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati ya shafa. Iyalin da za su sayar da gona su tambayi jami'ar kuɗi abin da za su tambayi ta gwamnati, har ma su tsananta, tunda su za su biya kai tsaye.

Akwai kuma lissafin samun gurbin da kansa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankinsu, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma kusan dukkansu waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke dubawa. Yaro mai maki matsakaici da ya nace a kan sashen da ya fi cunkoso a jami'ar da ta fi suna yakan ƙare da ɗayan biyu: ya zauna gida wata shekarar, ko a tura shi wani fannin da bai nema ba, da alƙawarin canji daga baya wanda ba kasafai yake tabbata ba. Da wannan makin zai iya samun ainihin fannin da yake so a wata jami'ar da sashenta ke da cikakkiyar amincewa. Hanyar kwalejin fasaha ma a buɗe take, domin mai difloma da sakamako mai kyau na iya shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, kuma sau da yawa yakan zo da hannun da ya riga ya saba da ƙarfe da waya.

Daga Kano zuwa Zariya ko Wudil tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo. Uba da ɗa za su iya zuwa ranar aiki a tsakiyar zangon karatu, su nemi ofishin shugaban sashe su tambayi shekarar da NUC da COREN suka zo na ƙarshe da abin da suka rubuta, su roƙi a buɗe musu ɗakin gwaji, sannan su zauna a gindin bishiya da 'yan aji biyar na rabin sa'a. JAMB tana ba da damar canza jami'a ko fanni bayan fitowar sakamako, saboda haka ko wanda ya riga ya cike fom yana da sauran lokacin yin wannan tafiyar.