Mu Kai Yaranmu Su Ga Jirgin Ruwa

A zangon karatun da ya wuce aka tura ni koyon aikin malanta a wata makarantar firamare a Agege, inda yawancin yaran ajina 'ya'yan Hausawan Zango ne. Ran nan ina koyar da labarin ƙasa, na zana taswirar Nijeriya a allo, na ja hanyar jirgin ƙasa tun daga Kano har Ikko, na ɗora alli a bakin teku na ce, "Nan ne Apapa, inda jiragen ruwa su ke tsayawa." Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jirgin ruwan nan ya kai tirela girma?" Aji ya fashe da dariya. Da dariya ta lafa na tambaye su ko wa ya taɓa ganin babban jirgin ruwa da idonsa. Cikin ajin duka yara biyu kaɗai suka ɗaga hannu. Ni kuwa da ke tsaye da alli, da wani ya juyo da tambayar kaina da na sha kunya, gama tun a makarantar mishan da na yi karatu, a hoton littafi kaɗai na san shi.

Daga Agege zuwa Apapa bai kai mil 20 ba. Watau ga yara an haife su a garin da ya ke da babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasarmu, amma sanin da suka yi mata bai fi na yaron Gumel ko na Argungu ba. Abin da na ke so in faɗa wa jama'ar wannan kwaleji shi ne, laifin nan namu ne, mu malamai, kuma gyaransa ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Ran Asabar ɗin makon na tashi da sassafe don in fara gyara kaina. Na shiga jirgin ƙasan cikin gari, wanda ya fara ɗaukar mutane a 2024, daga tashar Agege zuwa Oyingbo. Daga can na hau mota na ƙetare gada zuwa Marina, na sami jirgin ruwa mai inji da ke kai mutane Tarkwa Bay, aka ba ni rigar da ke hana nutsewa na ɗaura. Muna barin gaɓa sai ga Apapa a hannun dama. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jirgin da na fara gani, tsawonsa ya fi filin ƙwallon kwalejinmu, an jibge masa kwantena bisa kwantena kamar benaye. A kansa ga injunan ɗaga kaya masu dogon wuya, su sunkuya su ɗauki kwantena guda, su ajiye ta a bayan mota, kowace ɗaya kuwa ita ce cikakken lodin tirelar da yarinyar nan ta ke tambaya. Ga kuma waɗansu ƙananan jirage masu ƙarfin tsiya suna tura wani babba don ya daidaita da kwata.

Da muka kusa bakin teku na ga doguwar katangar duwatsu ta miƙe cikin ruwa, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. A da yashi ne ke toshe mashigar nan, manyan jirage su tsaya can waje, a riƙa kwaso mutane da kaya a ƙananan jirage cikin hatsari. Da jirgin ƙasa aka yi ta jigilar duwatsun daga wajen Abeokuta, sai a 1914 babban jirgin wasiƙu ya fara shigowa ciki. A 1921 aka soma ginin kwatar Apapa, a 1955 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara aiki, a 1977 aka buɗe tashar Tin Can, a 2023 kuma ta Lekki. Waɗannan shekaru duk mu kan sa yara su haddace su. To, amma wanda ya ga igiyar ruwa tana dukan katangar nan, ba sai an yi masa dogon bayanin dalilin gina ta ba.

Da na komo da maraice na ba mai masaukina labari. Dattijo ne, fataucin goro ya gada. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai mu ba baƙi ba ne a wurin nan." Gaskiya ya faɗa. Goro ne ya tara Hausawa a Agege, su saya a hannun manoman Yarabawa, su ɗaure huhu, su loda a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ta jirgin ruwa ya riƙa kawo goro daga ƙasar da yau a ke kira Ghana zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, tafiyar wajen mil 700, gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga suka riƙa gangarowa, su ratsa ta tashar Agege, su ƙarasa bakin ruwa. Dalar gyaɗar da mu ke nuna wa yara a hoto, a nan ta ke ƙarewa. Akwai kuma labari mai ɗaci, wanda bai kamata a ɓoye musu ba. Ta wannan gaɓa aka fitar da bayi masu yawa zuwa Birazil, cikinsu har da Hausawa, waɗanda ba su sake ganin gida ba.

Yau ma cinikin bai yanke ba. Riɗin da a ke nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, ƙasar Japan tana cikin manyan masu sayensa. Motocin Toyota da Nissan da suka cika titunan Agege kuwa, kamfanonin Japan ne ke yin su, kuma ta bakin ruwan nan yawancinsu su ke shigowa. Tun da hanya ta kai mu Japan, bari mu duba yadda su suka yi da tasu tashar, don na karanta labarinta, kuma akwai abin koyi a ciki.

Yokohama tana kusa da Tokyo, babban birninsu. Ɗan ƙauyen masunta ne har 1859, sa'ad da aka buɗe ta ga jiragen baƙi. Siliki shi ne gyaɗarsu, shi ya gina garin. Hanyar jirgin ƙasa ta farko a ƙasar, a 1872, tsakaninta da Tokyo aka shimfiɗa ta. A 1923 girgizar ƙasa da gobara suka rushe garin kusan ƙurmus. Mutanen suka kwashe ɓaraguzan gine-gine suka cike bakin ruwa da su, suka yi lambun shaƙatawa a kai mai suna Yamashita, aka buɗe shi a 1930. A gefen lambun an ɗaure wani tsohon jirgin fasinja, Hikawa Maru, tun 1961, kowa na iya biya ya shiga ya ga ɗakin injinsa da makwancin matafiya. Tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na jan bulo, waɗanda aka gina a 1911 da 1913, ba a rushe su ba, an mai da su kantuna da zaurukan taro a 2002. Rufin kwatar fasinja ta Osanbashi fili ne da kowa ke hawa ya zauna ya kalli jirage. Suna da gidan tarihi na siliki, suna da na tashar kanta. Kowace shekara ran 2 ga Yuni su kan yi bikin tunawa da buɗe tashar, makarantun birnin kuma su yi hutu.

Ban kawo wannan don in ce su mutane ne mu ba mutane ba. Abin lura kawai shi ne, yaron Yokohama ya kan tashi da sanin abin da ya ciyar da kakanninsa. Mu ma muna da abin nunawa. Ga Gidan Tarihi na Ƙasa a Onikan tun 1957. Ga filin sukuwa inda aka ɗaga tutarmu a 1960, wanda yau a ke kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Ga tsohon kurkukun Broad Street da aka mayar lambu a 2010. Ga gidan Jaekel a Ebute Metta, inda aka adana kayan jirgin ƙasa na da. Duk waɗannan yini guda ya isa a zaga mafi yawansu. Abin da muka rasa shi ne al'adar kai yara.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce cikin tasha ba a shiga sai da izini. Haka ne, kuma daidai ne, gama wurin aiki ne da kayan mutane. Amma wanda ya tsaya a Marina yana hangen jirage sarai, ba a karɓar ko kwabo. Za su ce ruwa yana da hatsari, iyaye ba za su yarda ba. Wannan tsoro na gaskiya ne, ni ma ba zan sa yara ƙanana a ƙaramin jirgi ba. A bar su a tudu. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023 yana bi ta kan doguwar gada a saman ruwa, yaro na zaune a kujerarsa zai ga abin da zai gani. Game da iyaye kuwa, idan malami ya tafi da kansa ya gai da su, ya yi musu bayani, ya roƙi dattijo ɗaya ko biyu su raka shi, da wuya su hana. Mai masaukina ma cewa ya yi, "In za ka kai su, ɗana, ka tafi da ni, ni zan nuna musu inda a ke sauke goro a Iddo." Waɗansu kuma za su ce manhaja ta cika, babu lokaci. To, ina tambaya, mako nawa mu ke ɓatawa muna maimaita darasin kayan shiga da na fita, yara suna rera shi kamar waƙa, jarrabawa na wucewa su manta?

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu abu biyu. Na fari, kada ɗalibi ya gama wannan kwaleji bai ga tashar jiragen ruwa da idonsa ba, don wanda bai gani ba, me zai nuna? Na biyu, a lasafta fita da yara cikin aikin koyon malanta, a ba shi maki kamar yadda a ke ba shirin darasi, domin abin da ba shi da maki ba mu kan kula da shi ba, kowa ya san halinmu.

Ran Litinin da na koma aji na kira yarinyar nan na ce mata tambayarta ta fi dariyar da aka yi mata, na zana jirgi a allo da tirela a gefensa kamar tururuwa kusa da saniya. Ta duba ta ce, "Malam, yaushe za ka kai mu?" Na ce mata in Allah ya yarda kafin su gama firamare. Alkawari kaya ne, kuma ba zan iya ɗaukarsa ni kaɗai ba. Wanda aka tura Agege a zango mai zuwa, ina roƙonsa ya neme ni mu shirya tafiyar tare.