Kafin a sa hannu a kan zanen gada

Duk ma'aikacin da fayil ɗin kwangilar gada ya taɓa biyowa ta teburinsa ya san kundin nan mai kauri da kamfanin injiniyoyi kan haɗo da shi, cike da alƙaluma da hotunan gadar an rina ta ja da kore da shuɗi. Manhajar kwamfuta ce ke fitar da su, walau MIDAS Civil ta Koriya ta Kudu, ko CSiBridge ta Amurka, ko LUSAS ta Ingila. Kwarjinin kundin kan sa a yi saurin tura fayil gaba. A ganina kaurinsa bai isa hujja ba.

Manhajar tana kasa gadar ne gida dubbai, ta lissafa nauyin da kowane kaso zai ɗauka da yadda zai lanƙwasa. Aikin da a da kan ci watanni, yau cikin awoyi ake gama shi. Sai dai abin da aka zuba mata shi take lissafawa. Idan ba a tona an auna ƙarfin ƙasar da ginshiƙai za su zauna a kai ba, ko aka sa nauyin mota na cikin littafi alhali tirelolinmu sun saba ɗaukar fiye da ƙa'ida, za ta fitar da amsa tsaf, ba tare da ta yi gardama ba.

A ranar 15 ga Maris, 2018, gadar masu tafiya a ƙafa ta Jami'ar FIU da ke Miami a Amurka ta rufta kan motoci tun ba a kammala ta ba, mutum 6 suka mutu. Hukumar NTSB ta gano cewa masu zanen sun raina nauyin da wata mahaɗa za ta ɗauka, suka kuma kambama ƙarfinta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kamfani na biyu da aka ɗauka don ya duba lissafin bai gano kuskuren ba, domin bitar tasa ba ta shafi mahaɗun ba, ba ta kuma bi matakan ginin ɗaya bayan ɗaya ba. Tsaga ta bayyana kwanaki kafin ruftawar, aka yi taro a kanta da safiyar ranar, aka bar titin a buɗe.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da Hukumar BPP su sa sharaɗi a kowace kwangilar babbar gada: wani injiniya mai rajistar COREN, wanda ba ya cin abinci a hannun ɗan kwangila, ya sake lissafin tun daga tushe da wata manhajar dabam, a kuma ware kuɗinsa cikakke. A nan ne aka fi son yin tsimi, kuma nan ne bai kamata ba.

Sannan a riƙa miƙa wa ma'aikatar ainihin fayil ɗin manhajar tare da rahoton gwajin ƙasa. Gadar Third Mainland ta Legas an buɗe ta a 1990, har yau ana yi mata gyara. Injiniyan da zai duba gadojin da ake zanawa yanzu, bayan shekara 30, zai buƙaci sanin wane nauyi aka ɗora musu a lissafin farko.