An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ke bin hanyar Dutse zuwa Kano da bazara ya san abin da za mu faɗa. Daga Shuwarin zuwa Kwanar Huguma ba za ka rasa mota a gefen titi ba, an ɗage murfinta tana tururi, fasinja sun watse suna neman inuwa, direba yana ɗura mata ruwan leda. Idan aka ja ta zuwa gareji, hukunci ɗaya ne: wai gaskit ya ƙone, a sayo sabo. A ɗaura, a biya, bayan mako uku a koma gidan jiya. Mu a ganinmu wannan ɓarna ce da ake yi wa dukiyar talaka da albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma rashin awo ne ya haife ta.

Bari mu fara da shi wanda ake tuhuma. Gaskit wani siririn faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin gangar injin da kansa, watau abin da makanikai ke kira tof silinda. Aikinsa ya raba abu uku da ba sa ga maciji: wutar da ke ci a saman fistin, da baƙin mai, da ruwan sanyaya injin. Da wuya ya ƙone haka siddan. Galibi sai ruwa ya tsiyaye injin ya yi zafi fiye da kima, sa'an nan ya ba da kai. Ke nan ƙonewarsa alama ce ta cuta, kuma wanda ya canza shi bai nemo inda ruwa ke bi ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

To ina ruwan ke bi? Mai hankali yakan fara da mai araha. Ya duba tiyo ko ya tsage, ya duba lagireto ko yana yoyo, da famfon ruwa, da fanka ko tana juyawa. Ya duba murfin lagireto, domin wannan ɗan murfi da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. A watan Afrilu, da zafin Jigawa kan haura digiri 40, wannan tazara ita ce ran injin. Idan waje ya bushe amma ruwa yana raguwa, sai a koma ciki: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan injin ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kumfa tana tasowa a bakin lagireto. Wannan bincike ba ya cin rabin yini, amma kada a buɗe murfin sai injin ya huce, don ruwan kan yi tsartuwa ya saɓule fata.

Babban laifin yana faruwa ne bayan an kwance. Kan injin yawancin motocin yau na alminiyam ne, kuma zafi yana lanƙwasa shi yadda ido ba zai gani ba. A injuna da yawa, masu ƙera su ba su yarda karkatar ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, watau kimanin kaurin gashi guda. Ana gane ta ne da miƙaƙƙen ƙarfe da siraran ganyayen awo, a gwada tsaye, a gwada kwance, a gwada kusurwa zuwa kusurwa. Idan ya karkace a kai shi a fere a inji, ko da kuwa sai an dangana da Kano. Idan ya tsage, babu gaskit a duniya da zai toshe shi. Har wa yau notuna suna da tsarin ɗauri, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai auna ƙarfi. Muna tambaya: a gareji nawa ake yin haka? Abin da aka fi gani shi ne a goge da sanfefa, a lafta gam, a sa yaro ya taka sifana da ƙafa, a cika da ruwan rijiya wanda zai bar tsatsa da gishiri a hanyoyin ruwa. Wani ma ya cire ɗan bawul mai daidaita zafi ya yar, wai na ƙasar Turawa ne.

Za a ce laifin bakanike ne. Lalle yana da nasa kaso, amma kafin a jefe shi a duba mai motar. Ma'aikaci ne zai zo ranar Juma'a da hantsi, ya ce lalle yau zai kwana a Kano, kada a kawo masa dogon Turanci. Ya ƙi biyan ladan awo, sa'an nan ya biya kuɗin gaskit sau uku, daga ƙarshe ya sayi injin. Sauri ya haifi nawa ke nan. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa yana lissafin kwabo, amma wannan asara ba mai lissafa ta.

Sai kuma masu tsara mana ilmi. An kafa hukumar ilmin fasaha ta ƙasa a Kaduna a 1977, aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 da alkawarin kowane yaro zai iya aikin hannu. Jigawa ta samu jiha a 1991, Dutse ta samu jami'ar tarayya a 2011, ga kwalejojin fasaha a Dutse da Kazaure. Duk da haka wanda ya karanta yadda zafi ke buɗa ƙarfe yana ƙyamar baƙin mai ya taɓa masa riga, wanda kuwa ke kwance a ƙarƙashin mota ba a taɓa nuna masa ma'auni ba. An raba ilmi da sana'a, kowanne ya zama gurgu.

Saboda haka muna kira ga sassan fasaha na manyan makarantunmu su buɗe ƙofofinsu lokacin hutu, su koya wa makanikan garuruwanmu awo da harshen Hausa. Muna kira ga ƙungiyoyin makanikai su haɗa kuɗi su sayi kayan awo na tarayya, domin ba su kai kuɗin injin guda ba. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, ranar da aka ce muku gaskit ya ƙone, ku yi tambaya biyu kafin ku zaro ko sisi: ta ina ruwan ya fita, kuma an auna kan injin? Bakaniken da ya amsa su ku riƙe shi da daraja, ku biya shi hakkinsa ba tare da ciniki ba.